Kafin ka biya kuɗin inji na biyu: shawara ga masu zuwa ƙasashen sanyi

Na zo gida hutu bayan ƙaramar sallah, kuma kusan kullum bayan la'asar ina zama a majalisarmu ta Birnin Kebbi, ana shan shayi ana gardamar siyasa da farashin shinkafa. A nan wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, ya same ni da waya a hannu. Ya samu aikin jinya a Kanada, takardunsa sun fito, ko jirgi bai hau ba amma har ya fara duba motocin lantarki. Ya ce, "Yaya, ga mota iri ɗaya, launi ɗaya, amma wannan an rubuta RWD, waccan AWD, kuma tsakaninsu akwai dala dubbai. Ai mai jan ƙafa huɗun zan ɗauka ko? Tunda can ƙanƙara ce." Kafin in buɗe baki wani dattijo, tsohon direban haya, ya riga ni: "Yaro, fowil ita ce mota, sauran duk keken yara ne."

Baba bai yi ƙarya ba, in dai a ƙasarmu ne. Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa cikin yashi a hanyar ƙauyukan Kangiwa, ko ta nutse a lakar fadamar Argungu cikin watan Agusta, ya san darajar mota mai jan ƙafa huɗu. Sai dai yashi riƙe mota yake yi, ƙanƙara kuwa sakinta take yi. A nan gida tsoronka shi ne mota ta ƙi tafiya. A can tsoronka shi ne ta ƙi tsayawa. Daga nan lissafin ya sauya, kuma abin da na faɗa wa ƙanena shi nake so in faɗa wa duk ɗan'uwan da ke shirin sauka Kanada, Nowe, Jamus ko arewacin Amurka.

Haruffan nan ba wani abin tsoro ba ne. A motar lantarki, RWD na nufin inji ɗaya ne, yana baya, yana tura ƙafafun baya. AWD na nufin injuna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kwamfutar motar na raba musu aiki. Babu dogon ƙarfen nan da ke haɗa gaba da baya kamar a Hilux, babu giyar da za ka sa da hannu. Tesla na rubuta Dual Motor a bayan masu inji biyu.

Mu da muka girma cikin Fijo 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, mun san halin mota mai turin baya: inji mai nauyi yana gaba, baya sakayau, da an yi yayyafi sai gindin mota ya fara rawa. Shi ya sa direbobin a-kori-kura suka fi jin daɗin tuƙi in akwai buhuna a baya. Motar lantarki ba haka aka gina ta ba. Batirinta, wanda ke da nauyin ɗaruruwan kilo, a shimfiɗe yake ƙarƙashin motar tsakanin ƙafafun gaba da na baya, don haka nauyin ya kusa rabuwa daidai, kuma yana ƙasa-ƙasa. Wato buhunan nan suna ciki tun daga masana'anta. Ga shi kuma injin lantarki na rage ƙarfinsa cikin ƙiftawar ido da zarar taya ta fara sulɓi, fiye da yadda injin fetur zai iya. Saboda haka tsoron da 504 ta dasa mana bai kamata ya bi mu har wurin dila ba.

Me inji na biyu ke ba ka? Tashi da ƙarfi, da hawan tudu mai santsi ba tare da fama ba. Ɗauki Hyundai Ioniq 5 ta 2023 mai babban batir: mai turin baya tana da ƙarfin doki 225, mai inji biyu 320. Amma a ma'aunin hukumar kula da muhalli ta Amurka, ta farko na yin mil 303 a caji ɗaya, ta biyu mil 266. Batir ɗaya ne, baki biyu ke ci. Ka biya ƙarin kuɗi, ka samu gudu, ka rasa nisa. A kula da wani abu kuma: wasu kamfanoni na haɗa inji na biyu da batir mafi girma, sai ka ga mai inji biyun ta fi nisa, ka ɗauka injin ne ya jawo. Ka tambayi girman batirin kowace kafin ka kwatanta.

Abin da inji na biyu ba ya yi shi ne taimaka maka tsayawa. Kowace mota da ƙafa huɗu take taka birki, mai inji ɗaya da mai biyu. Wannan darasin da jikina na koye shi. Hunturuna na farko ina da mota mai jan ƙafa huɗu, ta fetur, da tayoyin da aka sayar min da ita a kansu, kuma ina ji da kaina kamar na fi ƙarfin hanya. Wata safiya na nufi mahaɗar titi a hankali, na taka birki, motar ta ci gaba da tafiya kamar kwalekwale a Kogin Rima, ina salati, har ta wuce alamar tsayawa ta tsaya a tsakiya. Allah ya kiyaye babu mai zuwa. Ƙarfin tashin da motar ke da shi shi ya ruɗe ni, ban ji santsin ba sai da na nemi tsayawa.

Abin da ya kamata in saya tun farko shi ne tayoyin hunturu. Robar taya ta yau da kullum na fara taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta hunturu kuwa tana nan da laushinta, ga ƙananan tsage-tsage da ke cizon ƙanƙara. Ka nemi alamar dutse mai tsini uku da furen ƙanƙara a cikinsa a gefen tayar. Mota mai turin baya a kan irin waɗannan tayoyi ta fi mai inji biyu a kan tayoyin bazara tsayawa da shan kwana, kuma wannan ba abin gardama ba ne a wurin duk wanda ya gwada su biyun.

A wurare da yawa ma doka ce. A lardin Kebek na Kanada dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A lardin Birtish Kolombiya ana buƙatarsu a yawancin manyan hanyoyi tun daga 1 ga Oktoba. A Jamus ba a sa rana ba, amma in aka kama ka kan ƙanƙara ba tare da su ba akwai tara, kuma tun Oktoban 2024 masu alamar dutsen nan kaɗai ake karɓa. Jamusawa dai sun saba sa su daga Oktoba zuwa Ista. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan uku da za ta ɗage maka don motarka na da inji biyu. A lardin Ontariyo na Kanada ba dole ba ne, amma kamfanonin inshora na yin ragi ga mai su, don haka ka tambaya.

To wa ya kamata ya sayi mai inji biyu? Wanda gidansa ke kan tudu, ko ƙauye inda motar share dusar ƙanƙara ba ta zuwa da wuri. Wanda zai riƙa jan tirela. Sai kuma masu aikin dare, kuma nan ne na tsaya na yi wa ƙanena tambayoyi, domin ma'aikacin jinya kan fita ƙarfe biyar na asuba ko ya taso ƙarfe uku na dare, lokacin da ba a share titunan unguwa ba. In asibitinsa a ƙaramin gari yake mai tuddai, ƙarin kuɗin na da hujja. In cikin Toronto ne ko Landan ko Balin, inda ake share titi a zuba gishiri, ni dai ba zan biya ba. A Landan ma dusar sai a yi hunturu guda ba ta kwanta ba. Kuma ko injuna biyu ba sa ɗaga mota daga ƙasa: ƙaramar mota kamar Tesla Model 3, in dusa ta yi zurfi, cikinta zai zauna a kai tayoyi na juyawa a banza, yadda mota ke zama kan tudun yashi.

Akwai wani hali na motar lantarki da sabon zuwa bai sani ba. Da ka ɗage ƙafa daga totur, injin na juyewa ya zama janareta, yana rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. A mai turin baya, ƙafafun baya kaɗai ke wannan riƙon, kuma a kan ƙanƙara ɗage ƙafa farat ɗaya na iya sa bayan motar ya ɗan goce kafin kwamfuta ta gyara. A motocin Hyundai da Kia akwai 'yan maɓallai bayan sitiyari na rage ƙarfin riƙon. Ranar santsi ka rage shi, ka riƙa sakin totur a hankali.

Sanyi kuma na cin batir, ko wace iri ka saya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka ta gwada a 2019, ta ga cewa a sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifili, da hita a kunne, nisan tafiya ya ragu da kashi 41 cikin ɗari. Shi ya sa nake ganin tambayar ko motar na da famfon zafi, na'urar ɗumama da ke aiki kamar firji amma a juye, ta fi tambayar inji na biyu amfani ga aljihunka. Ka saba da ɗumama motar tun tana jone da wuta kafin ka fita. Mutanen Nowe, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, haka suke yi, kuma sanyinsu ba na wasa ba ne.

Kafin duk wannan ma, ka san inda za ka yi caji. Sabon zuwa yawanci ɗakin haya yake kamawa a gidan bene, babu soket a wurin ajiye mota, cajin kan hanya kuma ya fi na gida tsada ƙwarai. Ga lasin: Ontariyo na ba sabon mazauni kwana 60 da na ƙasarsa, Jamus wata 6, Ingila wata 12. Inshorar wanda ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar na da zafi, mota mai ƙarin ƙarfi kuma kan ƙara mata zafi. Ka nemi farashin inshorar motocin biyu kafin ka sa hannu a komai.

Ƙanena ya ce garin da aka tura shi fili ne shimfiɗaɗɗe kamar tsakanin Jega da Birnin Kebbi, kuma gidan da ya samu tafiyar minti goma ce zuwa asibiti. Na ce ya yi hunturun farko a motar bas, ya ga yadda ake share titinsu, in zai saya ya ɗauki mai turin baya da tayoyin hunturu guda huɗu, sannan ranar da dusa ta fara sauka ya nemi filin ajiye motoci da babu kowa ya taka birki ya ji yadda take yi. Baba direba ya kurɓi shayinsa ya ce shi dai har yanzu fowil, amma ya tambaya ko irin tayar nan za ta yi a lakar Argungu.