Tayar tirelar yawon shaƙatawa: dalilin fashewarta da yadda ake zaɓen madadinta

A Amurka, tirelar da ake ƙulla wa mota a tafi hutu da ita, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, tana yawan rasa taya a hanya, alhali zanen tayar bai ko cinye ba. Tirela tana shafe watanni a ajiye a rana, roba na bushewa, sannan a ɗora mata kaya a hau babbar hanya. Shekaru ne ke kashe tayar kafin tafiya ta kashe ta.

Saboda haka a fara da duba ranar da aka ƙera ta. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan ta kai shekara biyar, a canza ta ko da tana sheƙi. A duba wannan lambar ko a kan sabuwa, don wata ta daɗe a shago.

Abin da ke fasa taya zafi ne, kuma ƙarancin iska da yawan kaya da gudu ne ke kawo shi. Taya mai ƙarancin iska gefenta na lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, wayar da ke ciki ta rabu da roba. Idan ta tarwatse, ɓallen robar kan tsinka wayoyin wuta da bututun ruwa da ke ƙarƙashin tirelar, gyaran na iya fin kuɗin tayoyi huɗu. A auna iska da safe kafin a motsa, da geji, kada a dogara da ido. In an tsaya a hanya aka ga iska ta ƙaru, zafi ne, kada a rage.

Haruffan farko na lambar girman taya suna faɗin aikinta. ST ta tirela ce, gefenta mai tauri, don tirela mai aksul biyu tana murɗa tayoyinta sosai a kwana. LT ta ƙaramar motar kaya ce, ana iya sa ta idan ƙarfinta ya kai. P ta motar gida ce, a guje mata. Tayar ST da ba a rubuta mata wani abu ba iyakarta mil 65 a awa, wato kusan kilomita 105. Wadda aka rubuta wa harafin gudu L na kai mil 75, M mil 81.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne nauyi. Ɗauki ST225/75R15: mai aji D (ajin ƙarfin ɗaukar kaya) tana ɗaukar kusan kilo 1,150 a iska 65 (ma'aunin psi), mai aji E kusan kilo 1,285 a iska 80. A cika tirelar kamar ranar tafiya, da ruwa da gas da abinci, a kai ta sikelin manyan motoci, a raba nauyin aksul da yawan tayoyi, sannan a bar rarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, domin ɓangaren da kicin yake ya kan fi ɗayan nauyi. Hawa daga D zuwa E shawara ce mai kyau, amma sai an tabbatar rim da bawul za su jure iska 80. Kuma taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa aksul ƙarfi.

Idan ɗaya ta fashe, maƙwabciyarta ta wannan gefen ta ɗauki kayan biyu na ɗan lokaci, don haka ita ma a canza ta. Kada a haɗa aji biyu a aksul ɗaya, safaya kuma ta zama iri ɗaya da sauran. Taya da ke cinyewa ta gefen ciki kaɗai, aksul ne ya lanƙwashe ko kaya sun yi yawa, sabuwa ma haka za ta cinye.

Bayan an ɗaura, a sake matse notuna a mil 10, da 25, da 50 na farko, da sifana mai awo, daidai ƙarfin da littafin tirelar ya faɗa.