Yadda Za Ka Tattara Tarihin Ƙungiyar Houston Rockets Ka Rubuta Shi da Hausa

A majalisun matasanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende hirar ƙwallon ƙafa ce ta fi yawa, amma duk ranar da zance ya karkata zuwa ƙwallon kwando, sunan Hakeem Olajuwon ne yake fara fitowa, domin a nan Legas aka haife shi a 1963, kuma a nan ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya koma ga kwando. Sai dai da zarar an wuce sunansa, shekaru kan cakuɗe, wani ya ce kofi uku ya ɗauka, wani ya rantse cewa ƙungiya ɗaya suka yi da Michael Jordan. Wanda yake son ya rubuta tarihin ƙungiyar da Hakeem ya yi suna a cikinta, wato Houston Rockets ta gasar NBA a Amurka, yana bukatar tsari tun kafin ya ɗora alƙalami.

Ka fara da littafin rubutu, ka ja layi a tsakiyar shafi, shekara a hagu, abin da ya faru a dama. Layin farko shi ne 1967, shekarar da aka kafa ƙungiyar a birnin San Diego na jihar Kaliforniya, na biyu kuma 1971, lokacin da ta koma Houston a jihar Texas. Wannan jeri kaɗai ya isa ya kare ka daga wani kuskure da ya yaɗu, na cewa an raɗa mata sunan Rockets, wato rokoki, saboda cibiyar binciken sararin samaniya da ke Houston, alhali da sunanta ta zo daga San Diego. A kakarta ta farko wasa 15 ta ci, aka doke ta a 67. Ɗan wasan da ta fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na waccan shekara shi ne Pat Riley, kuma ina ba ka shawara ka ja wa sunan nan layi, domin za ka sake cin karo da shi.

Daga nan ka kiyaye da yadda ake ƙidayar kakar wasa. A ƙa'ida ana farawa a watan Oktoba, kowace ƙungiya ta buga wasa 82 zuwa Afrilu, sannan a shiga zagayen fitar da gwani da ke ƙarewa a Yuni, saboda haka kaka guda tana ratsa shekara biyu. Idan ka ga an rubuta 1993-94, to a 1994 aka ɗaga kofin. Haka kuma abin da ake kira wasan ƙarshe jerin wasanni ne har bakwai, wadda ta riga cin huɗu ita ce zakara, kuma wajibi ne ka bayyana wa mai karatunka wannan, tunda ya saba da wasan ƙarshe na minti 90.

Idan jerin shekarun ya tsaya, sai ka raba shi zamani-zamani bisa gwarzon da ƙungiyar ta dogara da shi. Zamanin Moses Malone, wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 1981 inda Boston Celtics ta doke ta, sakin layi ɗaya ya ishe shi. Inda za ka shimfiɗa tabarma ka zauna shi ne 1984, shekarar da Houston ta samu damar zaɓen farko cikin sabbin 'yan wasa ta ɗauki Hakeem, Portland ta ɗauki Sam Bowie, sannan Chicago ta ɗauki Jordan a matsayi na uku. Wajen neman bayanan shekarunsa na farko a intanet ka gwada rubuta Akeem, domin haka ake rubuta sunan har zuwa 1991, kuma tsofaffin jaridu da bidiyo da wannan rubutun suka fito. A 1986 shi da Ralph Sampson suka sake kai ƙungiyar wasan ƙarshe, Boston ta sake tare musu hanya. Kofin farko ya zo a 1994, bayan wasa bakwai da New York Knicks, wadda mai horar da ita a lokacin shi ne Pat Riley ɗin nan da ka ja wa layi. A kakar Hakeem ya haɗa kyautar gwarzon gasa da ta gwarzon mai tsaron baya da ta gwarzon wasan ƙarshe. A 1995, bayan an kawo Clyde Drexler daga Portland, ƙungiyar ta shiga zagayen fitar da gwani tana ta shida a jerin ƙungiyoyin yankin yamma na gasar, amma ta kai ƙarshe ta lallasa Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da ci huɗu ba ko ɗaya. Rudy Tomjanovich ne ya horar da ita a kofunan biyu, kuma biyun nan su ne abin da ta mallaka.

A nan ne gardama take, kuma bai kamata ka tsallake ta ba. Masu raina kofunan suna cewa Jordan ya ajiye wasa a 1993, shi ya sa hanya ta buɗe. Ka rubuta hujjarsu yadda take, sannan ka ƙara da cewa Jordan ya dawo a watan Maris na 1995, kuma yana cikin fili Orlando ta fitar da Chicago, ita kuwa Orlando ɗin ce Houston ta share. A ganina wannan ya fi zagin juna amfani, kuma ya bar wa mai karatu hukunci.

Alƙaluma ba za su nuna maka yadda mutum yake wasa ba, don haka ka sayi data ka sauke tsofaffin wasanni daga YouTube, musamman karawar 1995 da San Antonio Spurs, inda Hakeem ya fuskanci David Robinson, gwarzon gasa na waccan kaka. Ka rage saurin bidiyon ka dubi ƙafafunsa kawai: yadda yake juya wa mai tsaronsa baya, ya karkata kafaɗa kamar zai bi hagu, ya ɗaga ƙwallon kamar zai jefa, sai mai tsaron ya yi tsalle a banza shi kuma ya zame ta dama. Abin da idonka ya gani shi za ka kwatanta da Hausarka. Batun azumi ma ya cancanci wuri, domin Hakeem ya riƙa buga wasa da azumi a bakinsa, kuma a Fabrairun 1995, wanda ya dace da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata.

Shekarun da suka biyo baya ka bi su da sauri amma da lura. Hakeem ya bar Houston a 2001 bayan kaka 17, ya ƙarasa a Toronto ta ƙasar Kanada, saboda haka tarihin da ya kafa na tare ƙwallo sau 3,830 ya haɗa da kakarsa ta Toronto, kada ka jingina wa Houston duka. Sai Yao Ming na ƙasar Sin a 2002, da cin wasa 22 a jere a 2008, da zuwan James Harden a 2012, da nasara 65 a kakar 2017-18. A 2017 Tilman Fertitta ya sayi ƙungiyar a kan dala biliyan 2.2, a 2023 kuma aka naɗa Ime Udoka mai horarwa, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma shi Udoka ya taɓa buga wa Najeriya.

Kafin ka wallafa, ka tabbatar da kowane adadi a wuri biyu daban, ka karanta wa abokanka a teburin mai shayi, ka gyara duk inda suka tsayar da kai da tambaya. Ka kuma sa ranar da ka kammala a ƙasan rubutun, tunda ƙungiyar tana nan tana wasa. Idan kana son ka ƙara sabuwar kaka da abin da ka gani da idonka, ka cika wayarka da caji tun da yamma, domin wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a Houston a watan Disamba, ƙarfe 2 na dare ne a Legas.