Allurar boila na sauka kullum: kurakuran da aka fi yi wajen neman inda ruwan ya tafi

Na'urar ɗumama gida irin ta rufe-ruf ruwa ɗaya take juyawa. Boila ta dafa shi, famfo ya tura shi cikin bututai zuwa lagiretocin ɗakuna, ya huce ya dawo. Ba a ɗiba, ba a sha. Saboda haka in allurar geji mai nuna matsin ruwan tana sauka, ko dai ruwa yana fita ta wani wuri, ko kuma gejin ne yake ƙarya. Yawancin boila na gida suna son matsi tsakanin ba 1 da ba 1.5 (ba, wato bar a Turance, shi ne ma'aunin matsi) idan ruwan ya yi sanyi, kuma da yawa kan kashe kansu in ya faɗi wajen 0.5.

Kuskuren farko shi ne duba geji sau ɗaya a yanke hukunci. Ruwa kumbura yake in ya yi zafi, kusan kashi 3 cikin 100 daga sanyin famfo zuwa digiri 80. Wanda ya ga 1.8 da yamma na'ura tana aiki, ya ga 1.3 da asuba, sai ya ce ruwa ya zube, alhali babu abin da ya faru. Sanyi da sanyi ake kwatantawa. A samu tef a manna a gilashin gejin daidai inda allura ta tsaya da safe kafin a kunna, a riƙa dubawa a wannan lokacin har mako guda. Sannan a tsaya a gaban boilar sau ɗaya a ga yadda allurar ke hawa tun daga kunnawa har ta ɗauki zafi sosai. Wannan tsayuwar ta minti 30 ta fi duk wani leƙe-leƙen ƙarƙashin daɓe amfani.

Ga dalili. A cikin boila, ko kusa da ita, akwai wani ɗan tanki da tantanin roba ya raba biyu, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska. Shi ne huhun na'urar. In ruwa ya kumbura sai ya danna robar, iskar ta matsu ta ba shi wuri. Muddin tankin yana da lafiya, allura ba ta hawa fiye da kamar ba 0.5. Amma in iskar ta sace a hankali, ko robar ta ɓule, ruwan ba shi da wurin zuwa. Sai ka ga allura ta tashi daga 1.2 ta doshi 3 cikin ɗan lokaci. A ba 3 bawul ɗin kariya ke buɗewa ya zubar da ruwa waje ta wani siririn bututun tagulla da ke fita bayan bango. Na'ura ta huce, allura ta faɗi ƙasa warwas. Mai gida ya bi ɗaki-ɗaki da fitila yana neman jiƙa, bai ga ko ɗigo ba, don ruwan a waje ya zuba.

Gwajin wannan ba shi da wuya. A ɗaura leda ko a rataya ƙaramar gorar roba a bakin bututun nan na waje, ba tare da an toshe shi ba, a dawo bayan kwana ɗaya. In an tarar da ruwa a ciki, an kama ɓarawon.

To, a nan ne kuma ake barin jaki ana dukan taiki. Sai a canza bawul ɗin kariya a tafi, ba a taɓa tankin ba, bayan kwana biyu sabon ma ya fara zuba. Bawul ɗin aikinsa ya yi. Gaskiya ne wanda ya sha buɗewa yakan kwashi datti a bakinsa ya ƙi rufewa ruf, don haka sau da yawa sai an canza shi, amma bayan an gyara tankin.

Awon tankin ma akwai inda ake tafka kuskure. Yana da ɗan bawul irin na tayar mota. In an danna tsinken ciki ruwa ya fito maimakon iska, roba ta mutu, sai sabon tanki. In iska ce ta fito, ba a auna ta alhali na'ura tana cike da matsi, domin abin da gejin taya zai nuna matsin ruwan ne da ke danne robar, ba na iskar ba. Sai an sauke matsin ruwa zuwa sifili, an bar magudana, wato bawul ɗin zubar da ruwan na'urar, a buɗe, sannan a auna, a buga iska da famfon keke zuwa adadin da aka rubuta a jikin tankin, galibi tsakanin 0.75 da ba 1. Na sha ganin wanda ya buga iska magudana a rufe, ya ga lamba ta yi kyau, alhali tankin cike yake da ruwa. In tankin yana cikin murfin da ya rufe wurin ƙonewar gas, wannan aikin ƙwararre ne mai lasisi, ba na mai gida ba.

Yanzu a ce allura ba ta tsalle da zafi, leda ta kwana a bushe, amma matsi yana raguwa a hankali. Wannan yoyo ne na gaske, sai dai mutane kududdufi suke nema. A tanki mai lita 8 da aka buga wa ba 1, abin da ke sauke allura daga 1.5 zuwa 1 bai wuce lita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ba. In a wata guda aka yi asararsa, bai kai rabin kofin shayi a rana ba, kuma a jikin bututu mai zafi yake bushewa kafin ya kai ƙasa. Tabo ake nema: farin gishiri-gishiri ko kore a gindin bawul ɗin lagireto, tsatsa a kusurwar ƙasa, fenti da ya kumbura. A naɗe kowane mahaɗi da takardar goge hannu na'ura tana sanyi, a duba da safe.

In duk ba a gani ba, a raba gardama. A kashe boila ta huce, a cika zuwa 1.5, a rufe bawul biyu na ƙarƙashinta, na fita da na dawowa, a bar ta ta kwana. In allura ta sauka duk da haka, matsalar tana cikin boilar, wataƙila tukunyar musayar zafi, wato inda wuta ke dafa ruwan, ta tsage ruwa yana bin bututun raɓa, wanda ke zubar da ruwan tururin hayaƙi waje, yana tafiya. In ta tsaya cak, sai da aka buɗe bawul ɗin ta faɗi, to yoyon yana bututan gida. Kada a kuskura a kunna boila bawul ɗin suna rufe.

Wanda ya fitar da iska daga lagireto jiya, ya ga matsi ya sauka yau, kada ya ɗaga hankalinsa, haka abin yake. Geji ma kan toshe da laka. In an ƙwanƙwasa shi ko an ƙara ruwa allura ba ta motsa ba, shi ne abin zargi.

Abin da ya fi ɓata na'ura kuwa shi ne mayar da ƙarin ruwa al'ada. Sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai. Amma kowane mako? Sabon ruwa da iskar oksijin yake shigowa, yana kuma tsarma maganin hana tsatsa da ke ciki. Lagireto ya fara cin kansa daga ciki, baƙar laka ta taru ta toshe famfo, ƙaramin yoyo ya haifi manya. Wasu har barin tiyon cikawa suke yi a ɗan buɗe don su huta, sai matsi ya yi ta hawa bawul ɗin kariya ya yi ta zubarwa dare da rana. Maganin toshe yoyo da ake zubawa a ruwa yakan kama ɗan tsiyaya a inda hannu ba ya kaiwa, amma ba ya gyara tanki, ba ya gyara bawul, kuma wasu masu ƙera boila ba su yarda da shi ba. A duba littafin na'urar kafin a buɗe kwalbar.