Ga masu binciken cin zarafi a gidan aure

'Yan uwa ɗalibai, kada ku tambayi mace, "Mijinki yana cin zarafinki?" A'a za ta ce, kuɗin motarku ya tafi a banza.

Ku tambayi abin da aka yi mata. Ya taɓa marinki? Ya taɓa shaƙe ki?

Mata da yawa suna ɗaukar mari a cikin haƙurin zaman aure, ba sa kiransa zalunci, amma za su faɗi abin da ya faru. Ma'aunin rikicin iyali da Murray Straus, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya fitar a 1979 haka yake tambaya.

Sai dai in kishiya ko uwar miji tana tsakar gida tana jiyo ku, ba za ku samu komai ba. Ku keɓe, mace ta yi tambayar. Wani ya shigo, ku koma zancen rigakafin yara.