Yadda na raba eriyar ƙasa da gurnanin wutar lantarki

Eriyar tawa ba ta da sanda a sama. Ƙarafa biyu ne na jan ƙarfe na kafa a gona, tazarar mita 100, na jawo waya daga kowanne zuwa wurin shigar da sauti na kwamfuta. Igiyoyin rediyo da ke tsakanin kilohaz 3 zuwa 30 nake farauta, musamman DHO38, tashar sojan ruwan Jamus mai watsawa a 23.4.

Amma da na buɗe Spectrum Lab, manhajar da ke nuna igiyoyin a matsayin layuka a allo, sai layuka reras, haz 50, 100, 150, har sama, duk na wutar gari, sun binne komai.

Cire caja na fara yi, kwamfutar ta koma kan batir, gurnanin ya ragu sosai. Daga nan na sa ƙaramar taransifoma ta sauti, 1:1, tsakanin wayoyin da kwamfutar, don kada wutar da ke yawo a ƙasa ta samu hanyar zagayowa ta cikin na'urar. A ganina wannan ce ta yi babban aikin.

Saura ƙasar kanta. Da hunturu ta bushe ƙayau, ba ta kama ƙarfen. Na tona gindin kowanne kamar kamu biyu, na zuba dakakken gawayi da gishiri yadda masu wayarin ke yi, na kwarara ruwa har ya daina tsotsewa. Gishirin na cin ƙarfe, sai a riƙa dubawa.

Ƙarafan kuma na jera su kudu da arewa, domin irin wannan eriya ta fi jin abin da ya biyo tsawonta, Jamus kuwa ta arewa take. Na ɗaga saurin ɗaukar sauti zuwa kilohaz 96, tunda saurin 48 ba ya kama abin da ya wuce kilohaz 24, dab da 23.4 ɗin da nake nema. Yanzu layin Jamus yana fitowa sarai, musamman da dare.