Darasi na 7: Tiyon Injin Wankin Kafet

Duk wanda ya fara koyon wankin kafet da inji, hankalinsa kan injin yake tafiya. Yana so ya san inda ake kunnawa, inda ake zuba sabulu, da yadda ake riƙe sandar ƙarfen da ake ja a kan kafet. Tiyo kuwa sai a bar shi yashe a ƙasa, kowa na tsallakawa. Alhali ruwan da zai shiga kafet ta tiyo yake bi, dattin da zai fito ma ta tiyo yake bi. In tiyo ya lalace, inji zai yi ta ruri a banza, kafet ɗin mutane kuma ya kwana a jiƙe. A wasu garuruwan mesa ake ce masa, duk abu ɗaya ne.

Tiyon guda biyu ne

Na farko shi ne siririn, mai kai ruwa. Faɗin raminsa rubu'in inci ne kawai, amma shi ne mai haɗari. Ruwan da ke cikinsa yana da zafi, a manyan injuna har yakan kai kusan tafasa, kuma da ƙarfi ake turo shi. Ka tuna agogon mai faci. Tayar ƙaramar mota iskar 30 zuwa 35 ake ba ta. Babban injin wankin kafet yakan tura ruwa da ƙarfin 300 zuwa 500 a irin wannan awon. Wato ya ninka na taya sau goma, ko fiye.

Na biyu shi ne ƙaton, mai zuƙo ruwan datti ya mayar cikin tanki. Faɗinsa inci 2 ne ko inci ɗaya da rabi, jikinsa da gwaɓi-gwaɓi kamar maƙogwaro. An fi sayar da shi guntu-guntu, kowane guntu ƙafa 50, wato kimanin mita 15. A Amurka, inda ake girke injin a cikin mota a bar ta a ƙofar gida, sai a haɗa guntu uku ko huɗu kafin a kai ɗakin da za a wanke. Ƙananan injunan da ake turawa a kan taya, irin na kamfanin Kärcher na Jamus, tiyonsu gajere ne, don injin na biye da kai har cikin ɗaki. Ko wanne kake aiki da shi, kulawar iri ɗaya ce.

Shimfiɗawa

Kafin tiyo ya ƙetare bakin ƙofa, ɗauki tsumma mai laima ka shafe shi daga wannan baki zuwa wancan. Wannan aikin minti biyu ne, amma ina roƙonka kada ka taɓa tsallake shi. Na taɓa ganin yaron wani mai wankin kafet ya jawo tiyo ta tsakar gida lokacin hunturu, ya shigar da shi falo a kan kafet ruwan madara. Da aka ɗaga, ga jan layi nan tun daga ƙofa har gindin kujera, ƙurar da ta maƙale a gwaɓin tiyon ta haɗu da laima ta zama taɓo. Maigidansa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, wanki aka kira mu, ga shi mun kawo musu datti daga waje." Sai da suka ƙara rabin awa a kan wannan layin kaɗai.

Ka fara kai bakin tiyo ɗakin da ya fi nisa, ko kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. Daga can za ka fara wanki, kana ja da baya, wani yana janye tiyon zuwa waje. Ta haka tiyo ba zai bi ta kan inda aka riga aka wanke ba, kai ma ba za ka taka ba. A masallaci, fara daga sahun gaba ka dawo baya. Ka kuma duba lokaci, don a kwashe tiyo daga hanya kafin a kira salla. Dattijon da ya shigo da sanda ba ƙasa yake kallo ba.

Kada ka haɗa tiyon da ya wuce buƙata. Iyakar tsawonsa, iyakar raguwar ƙarfin zuƙa. Haka kowane lanƙwasa yana cin nasa rabon. In guntu biyu sun isa, bar na ukun a mota. Wanda ya rage kuma kada a bar shi a naɗe kusa da inji ana aiki, a warware shi a miƙe.

Inda tiyo ya kewaya kusurwar bango ko ƙafar kujera, sa wani abu tsakani. Akwai robar da ake sayarwa don haka, amma tsohon tawul da aka ninka ko guntun kwali ma sun wadatar. Ƙaton tiyo yana motsi duk lokacin da ka ɗora sanda a kan kafet ka ɗaga, yana takurewa yana saki. Wannan gogar a hankali take cin fenti, kai ba ka sani ba sai an gama. Mahaɗin ƙarfen da ke tsakanin siraran tiyo biyu shi ma a naɗe shi da tsumma, don yana ɗaukar zafi sosai. Zai iya ƙona ƙafar yaro, ya kuma bar tabo a leda ko kafet. In aiki a bene ne, ɗaure tiyon a jikin ƙarfen matakala, in ba haka ba nauyinsa zai yi ta jan ka baya.

In zuƙa ta ragu

Sau da yawa za ka ji ana cewa inji ya mutu, alhali tiyo ne. Ɗora tafin hannunka a bakin tiyon ka ji yadda yake kamawa. Sannan cire tiyon ka ɗora hannu a bakin injin kansa. In can yana kamawa da ƙarfi, laifin na tiyo ne. Bi shi a hankali kana saurare. Inda ya tsage za ka ji yana fito kamar ana hura kwalba. An fi samun tsagar dab da bakin robar da ke ƙarshen tiyo, wurin da ya fi shan lanƙwasa. A yanke wurin da wuƙa a mayar da bakin robar, shi ke nan. In babu tsaga, to wani abu ya toshe: zare, gashi, leda, wani lokaci har safar yaro.

Siririn tiyo ba a yi masa faci. In ka ga ya kumbura a wani wuri, ko wayar cikinsa ta leƙo, ajiye shi. Salatif ba ya riƙe ruwan zafi mai wannan ƙarfin. In kuwa ɗiga yake a mahaɗi, galibi ɗan zoben robar da ke ciki ne ya cinye. Ka riƙa yawo da guda uku ko huɗu a aljihun jaka.

Kwancewa da naɗewa

A nan ne mutane suka fi ƙonewa, don haka karanta wannan sau biyu. Kashe injin ba ya fitar da ƙarfin da ke cikin siririn tiyo. Bayan ka kashe, juya sandar ta kalli bokiti, ka matsa hannunta har ruwa ya daina fita. Sai a lokacin za ka taɓa mahaɗi.

Ƙaton tiyo kuma, kafin ka kashe inji, bar shi ya zuƙi bokiti ɗaya na ruwa mai tsabta, sannan ya zuƙi iska na ɗan lokaci. In ka naɗe shi da ruwan datti a ciki, zafin mota zai dafa shi. Gobe kana kunnawa a gidan wani, warin zai cika falo kafin ka ce komai.

Naɗe shi da faɗi, kamar yadda yake so ya kwanta, kada ka tilasta masa. Ba a naɗe shi a gwiwar hannu kamar igiyar shanya. Ɗaure naɗin a wuri biyu. A shago, rataye shi a kan abu mai faɗi, kamar tsohon wilin mota da aka kafa a bango. Ƙusa ɗaya karya shi take yi. Ka nema masa inuwa, don rana tana busar da roba har ta fara tsattsagewa. Kada mota ko babur su taka shi, ko sau ɗaya.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta kowacce sau uku: tiyo, mahaɗi, zuƙa, lanƙwasa, naɗi.

Daga inda aka ajiye inji zuwa ƙarshen zaure mita 40 ne. Kowane guntun tiyo mita 15 ne. Guntu nawa za ka haɗa, kuma mita nawa za su rage?

Faɗa wa na kusa da kai abin da za ka yi bayan kashe inji, kafin ka kwance siririn tiyo. Gobe kowa ya zo da igiya mai kauri, tsawon taku goma, za mu gwada naɗi a tsakar aji.