Yadda ake kwatanta giya ta biyu ta gidan inabi ɗaya a tsakanin shekarun girbi

Sau da yawa na ga sababbin ma'aikatan otal da gidajen abinci sun buɗe kwalabe huɗu ko biyar na giya ta biyu, wato wadda gidan inabi ke yi a ƙarƙashin babbar giyarsa, daga gida ɗaya na yankin Bordeaux a Faransa, sun ɗanɗana, sun tashi da hukuncin da bai tsaya a kan komai ba. Dalilin kusan kullum ɗaya ne: sun ɗauko jadawalin da ke nuna ingancin kowace shekarar girbi, wanda aka tsara domin babbar giyar gidan, wadda Faransawa ke kira grand vin, sun ɗora shi a kan ƙanwarta. Alhali giya ta biyu tana canzawa daga shekara zuwa shekara ta hanyoyi biyu, wato yanayin da inabin ya nuna a cikinsa, da kuma shawarar da masu gidan suka yanke game da gangunan da za su shiga babbar giya da waɗanda za a sauko da su ƙasa. Wanda bai raba waɗannan biyun ba zai jingina wa ruwan sama abin da hannun mutum ne ya yi.

Da farko a tsaya a kan gida ɗaya da suna ɗaya, a kuma binciki tarihin sunan kafin a sayi kwalba ko ɗaya. Ni da Pavillon Rouge na Château Margaux nake koyarwa, giyar da ta samu wannan suna a 1908, ta ɓace na tsawon lokaci, har André Mentzelopoulos ya dawo da ita bayan ya sayi gidan a 1977. Sunaye suna ruɗarwa. Giya ta biyu ta Haut-Brion ana kiranta Bahans Haut-Brion har zuwa girbin 2006, daga 2007 ta koma Le Clarence de Haut-Brion, don haka mai neman jeri na shekara 20 dole ya nemi sunaye biyu. A Léoville Las Cases kuma akasin haka ne, domin Clos du Marquis, wadda aka daɗe ana ɗauka a matsayin giya ta biyu, daga nata filayen take fitowa, ita kuwa Le Petit Lion ce ta ɗauki wannan matsayi tun daga 2007. Giya ta biyu ta Château Mouton Rothschild ta fara a girbin 1993, amma ba ta samu sunan Le Petit Mouton ba sai a 1994, Alter Ego ta Château Palmer kuma a 1998, saboda haka duk wanda ya tallata maka tsohuwar kwalba da ta girmi waɗannan shekaru da waɗannan sunaye, ka riƙe kuɗinka.

Zaɓen shekarun shi ne wurin da aka fi faɗuwa, kuma nan ne ni ma na faɗi. Sabon shiga yakan tara shekarun da suka yi suna kaɗai, 2005 da 2009 da 2010 da 2015 da 2016, yana ganin ya yi gwaninta. Irin wannan jeri yana da daɗi a baki amma ba ya koyar da komai, domin a shekara mai kyau kusan kowace ganga a gidan tana da inganci, har wadda aka sauko da ita zuwa giya ta biyu. Dole ne a sa aƙalla shekara ɗaya mai wahala. Girbin 2013 shi ne zaɓina, shekarar da sanyi da ruwa suka lalata furen inabi, ruɓa kuma ta tilasta wa manoma girbi da wuri. Wanda bai samu ba ya nemi 2017, lokacin da raɓa mai daskarewa ta ƙone sababbin tsiro a ƙarshen Afrilu, ko 2021 mai daskarewa da fumfuna.

Abin da shekara mai wahala ke nunawa shi ne tsananin zaɓen masu gidan. Idan girbi ya yi rauni, ganguna daga filaye mafi daraja, waɗanda a wata shekarar da sun shiga babbar giya, sai su faɗo cikin ta biyu. Misali mafi tsanani shi ne Cheval Blanc a Saint-Émilion, wanda bayan daskarewar Afrilun 1991 bai fitar da babbar giya ba sam, abin da aka samu ya tafi ga giyarsa ta biyu, Le Petit Cheval. Irin wannan kwalba asalinta mai daraja ne amma shekararta mai rauni, kuma babu jadawalin da zai gaya maka yadda waɗannan biyun suka daidaita sai harshenka.

Akwai kuma layin da ba a gani a jikin takardar kwalba. Daga girbin 2009 Château Margaux ya fara fitar da giya ta uku, Margaux du Château Margaux, wato gangunan ƙasa da ake tacewa daga Pavillon Rouge, waɗanda kafin nan ake sayarwa ba a cikin kwalba ba. Château Latour ma yana da Pauillac de Latour a ƙarƙashin giyarsa ta biyu, Les Forts de Latour, wadda ita ta fara a 1966 kuma yawancinta daga filayen da ke wajen tsohuwar gonar gidan take fitowa. A karon farko da na jera 2005 kusa da 2010 a gaban ɗalibai, na yi musu dogon bayani a kan yadda yanayin 2010 ya ba da giya mai kauri, ban ambaci giya ta uku ba domin ban kawo ta a rai ba. Wani ɓangare na bambancin da suka ji a kofi daga zaɓe ne ya zo. Tun daga ranar nakan sa kwalabe biyu kafin 2009 da uku bayanta, in kuma ja layi da alƙalami a tsakaninsu a takardar kowane ɗalibi.

A wannan zaman dai akwai kuskure na biyu. Kwalbar 2005 daga wani ɗan kasuwa dabam na saye ta saboda ta fi araha, kuma ta sha zafi a wani wuri kafin ta iso hannuna, sai ƙamshinta ya fito kamar dafaffen zabibi, aka tashi ana cewa shekarar ta tsufa. Shekarar ba ta tsufa ba, kwalbar ce ta lalace. Duk kwalaben su fito daga ma'aji ɗaya, inda aka kwantar da su a sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba. Masu aiki a Abuja ko Yamai, inda kaya ke kwana a kwantena a tashar jirgin ruwa kafin su iso, su duba sau biyu: giyar ta kasance cikin wuyan kwalba, toshiyar ba ta ɗago ba, babu alamar yoyo a ƙarƙashin murfin.

Maganar kuɗi kuwa, Pavillon Rouge yawanci ba ta kai rabin farashin babbar giya ba, amma kwalabe biyar ba ƙaramin kashewa ba ne. Kwalba santilita 75 ce, idan aka zuba wa kowa santilita 5 za ta ishi mutum 15, sai a raba kuɗin. Wanda aljihunsa bai kai ba ya yi darasin da giya ta biyu mai rahusa ta wani gida, kamar La Dame de Montrose ko Réserve de la Comtesse, zai koyi abu ɗaya. Kada a ɗauki farashi a matsayin ma'aunin inganci, domin Carruades de Lafite, giya ta biyu ta Château Lafite, ta yi tashin gwauron zabi a tsakanin 2009 da 2011 saboda masu saye a ƙasar Sin suna bin sunan Lafite, giyar da ke cikin kwalbar ba ta canza ba.

Kwana ɗaya kafin zama a tsayar da kwalaben domin lakar ta kwanta a gindi. A buɗe su gaba ɗaya awa ɗaya kafin a fara, a kai su digiri 16 zuwa 18, a zuba a kofuna iri ɗaya, kowace shekara da kofinta, duk a lokaci guda. Ban yarda da juye wasu a tulun gilashi a bar wasu ba, ko dai a juye duka ko a bar duka. Kwalbar da ta fito da warin jiƙaƙƙen kwali toshiyarta ce ta ɓata ta, a cire ta daga lissafi.

A fara da shekara mai rauni, sannan a bi daga tsohuwa zuwa sabuwa, domin ɓaurin sabuwar giya yana kashe harshe. Wasu suna yin akasin haka, ni ban ga amfaninsa ba. A rubuta launi da ƙamshi da tsami da ɓauri da tsawon lokacin da ɗanɗano ya zauna a baki, a tofar bayan kowace kurɓa, a kuma duba kason nau'o'in inabi na Merlot da Cabernet Sauvignon na kowace shekara a bayanan da gidan ke fitarwa, tunda giya ta biyu takan ɗauki Merlot fiye da yayarta, abin da ke sa ta yin laushi da wuri. Bayan rabin awa a koma kan kofunan daga farko, domin 2010 ba ta cika buɗewa a zagayen farko ba.